Minti Ɗaya a Bakin Mai Firiji

Akwai mutanen da ba su iya ganin mutum yana kokawa da kalma su ƙyale shi. Sai sun sa baki, sai sun ƙarasa masa, sannan su tsaya suna kallonsa suna jiran godiya. Yayar Ba-Uku mai gyaran firiji ita ce shugabarsu, kuma abin haushin shi ne tsakani da Allah take yi, don ƙaunar ƙanenta.

Ba-Uku ba sunan yanka ba ne. I'ina gare shi tun yana yaro, kuma duk cikin abin da baki ke furtawa babu mai shaƙe masa wuya kamar "ba". In ya zo kanta sai ya yi ba, ba, ba kafin sauran maganar ta fito, in ma an bar ta ta fito. 'Yan ajinsu suka laƙaba masa sunan, ya yi dambe a kansa har ya gaji. Da ya girma ya buɗe shago, sai ya sa aka rubuta shi ɓaro-ɓaro da jan fenti a allon ƙofa, masu tsokana suka rasa ta inda za su ɓullo masa. Yaya kaɗai ce ba ta taɓa kiransa da sunan ba. Ita Auta take ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Ranar da maganar manhaja ta taso, yana tsugune a bayan wata tsohuwar firiza, yana shafa kumfar sabulu a jikin bututu don ya ga inda gas yake zurarewa. Shagon cike yake kamar kullum, firijai a jere wasu ba ƙofa, kwamfuresoshi, injinan sanyin firiji, a tare a lungu, warin mai da na ƙonanniyar dalma ya kama ko'ina. Yaya ta shigo tana tsallake wayoyi, ta ɗora jakarta a kan wani firijin da ke kwance, ta miƙo masa wayarta har tana neman taɓa masa hanci.

"Auta, na samo maka. Manhajar neman aure ce, amma ta manyan mutane, ba irin ta 'yan tasha ba. Ba sai ka ce uffan ba. Suna da ma'aikata, su za su rubuta bayaninka, su za su yi ta hira da matar a madadinka, sai magana ta nuna sannan a haɗa ku. Ka ga kafin ta ji bakinka ta riga ta kamu."

Ya goge hannu a wando ya karɓi wayar. Shafin ya sha ado, zinariya da baƙi, ga hoton wasu masoya suna dariya a bakin ruwa. Ya gangara ƙasa inda aka ɓoye farashi da ƙananan haruffa. Kuɗin wata guda ya kusa cinye hayar shagonsa.

"Yaya, ba... ba..."

"Ba ka da kuɗi, na sani. Shi ya sa zan biya rabi."

Abin da ya so ya ce shi ne, bari in gama wannan aikin mu yi magana. Amma ina. Matsalar "ba" ke nan, ƙofa ce mai shiga ɗakuna da yawa. Da ita ake cewa bari, da ita ake cewa ba ni, da ita ake cewa ba komai, kuma da ita ake cewa ba na so. Yaya kuwa duk lokacin da ya tsaya a bakin ƙofar nan, ɗakin ƙi take tura shi.

Ita ce ta raba shi da malamar makaranta, ko da yake har gobe ba ta san ta yi ba. Shekarun baya ne. Ya je gyara wa malamar firiji, gyara ya zama gaisuwa, gaisuwa ta zama zuwa da kai. Da magana ta yi nisa Yaya ta raka shi, don a ga yana da dangi. A nan malamar ta dube shi ta ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari, ko zai iya jiranta shekara guda? Ya buɗe baki zai ce ba komai, zan jira. Yana kan "ba" ta biyu Yaya ta tare shi da murmushi, ta ce ai ba zai iya ba, ke ma kin san shekaru sun ja. Takaici ya ƙara ɗaure masa harshe, ya zauna yana haɗa gumi kamar wanda aka kama da kayan sata. Washegari ya rubuta wa malamar doguwar magana. Ta amsa masa a taƙaice cewa ta gode, amma ba ta shirya auren mutum biyu ba.

Abin da Yaya ba ta sani ba, ya riga ta shiga wannan kasuwar. Ya daɗe yana leƙa manhajojin a wayarsa in ciniki ya lafa. Ya gwada ta kyauta, wadda kafin ka ga fuskar mace ɗaya sai ka kalli tallar sabulu da ta caca, maza kuma kowa ya jingina da motar da ba tasa ba. Ya gwada wata mai matsakaicin kuɗi wadda rubutu ake yi. A rubutu kuwa Ba-Uku sarki ne, yatsunsa ba su san i'ina ba. Mata biyu suka yi ta hira da shi har suna cewa kalamansa sun hana su sukuni. Sai ranar kiran waya na farko. Ta farko ta ce layin ba shi da kyau, ba ta sake kira ba. Ta biyun ta saurare shi, sannan ta tambaye shi ko shi ne da kansa yake rubuta saƙonnin. Wannan tambayar ta daɗe tana ci masa rai.

Ya mayar wa Yaya wayarta, ya zaro tasa daga aljihu, ya nuna mata wadda ya tsayar. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce mara kwalliya. Kuɗin watanta bai wuce abin da yake karɓa in ya ɗura wa firiji guda gas ba. Ba a sa hoto da farko, ba a rubuta komai. Murya ake ɗauka ta minti ɗaya, mutum ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa, wadda ta ji ta ga dama ta amsa. Kuma sau ɗaya ake ɗauka. Wanda bai gamsu da tasa ba, sai ya sake biya ya sake ɗauka, ta nan masu manhajar suke cin abinci.

Yaya ta karanta, ta sake karantawa, ta dube shi kamar ya ce mata zai shiga gasar gudu da ƙafa ɗaya.

"Murya? Kai? Duk manhajojin duniya ka rasa wadda za ka zaɓa sai ta murya? Auta, in don kuɗi ne, araha ba ta ado. Na ce zan biya rabi, to zan biya duka."

Ya girgiza kai. Ya ja numfashi ya ce, "Ranar wanka..."

"Ba a ɓoyon cibi," in ji ta, kafin ta ankara.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. A iya saninsa, karin magana kaɗai ce maganarsa da Yaya take ƙarasawa daidai. Ita kuwa ta suri jakarta ta fita tana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Bai jira komai ba. Ya wanke hannu da sauran ruwan sabulun, ya yi rajista, ya biya. Maƙwabcinsa mai walda yana ta gurza ƙarfe, firijai biyu da yake gwadawa suna ta gurnani a bayansa. Ya yi tunanin kashe su, sai ya fasa. Wadda za ta zauna da shi, da wannan ƙarar za ta zauna. Ya zauna a kan wata tukunyar gas, ya danna jan maɓallin.

Sallamar ta fita lafiya. Sunan sana'arsa ya ɗan riƙe shi a kan "firiji", ya ja ta da ƙarfi ta fito. Ya ce i'ina gare shi, ta dai ji da kunnenta. Ya ce yana da shago, yana haya a ɗaki biyu, bai taɓa aure ba kuma aure yake nema, ba hira ba. Layin da ke nuna lokaci yana ta cinyewa. Ya ce abu ɗaya yake so ta sani tun yanzu. Sai ya zo bakin ƙofar nan.

"Ba... ba... ba..."

Wayar ta yi ƙit. Minti ya ƙare.

Nan take wani rubutu ya ɓullo cikin ladabi, wai ko bai gamsu da muryarsa ba? Ga maɓallin sake ɗauka, ga farashinsa a gefe. Kuɗin ba wani abu ba ne, akwai fiye da su a aljihun rigarsa. Ya san kuma yadda ake yi, ya tsara kalmomin da ba su da "ba", ya haddace su, ya yi ta ɗauka har a dace da wadda ta fita sumul. Sai dai wannan mutumin mai magana sumul ba ya nan a shagon, kuma ba shi za a aura ba. Ransa ya ɓaci, ba da manhajar ba, da duk shekarun da ya yi yana zagaye kalmomi kamar mai bin hanyar bayan gida don gudun karen maƙwabci. Ya danna aikawa ya koma bayan firizarsa.

Ba a yi mako ba muryar ta fita daga manhajar. Wani ɗan iska ya kwafe ta ya ɗora mata kiɗa, "ba" ɗin nan ta ƙarshe tana maimaita kanta a kan ganga. Mai walda ne ya fara kawo masa, yana ƙoƙarin danne dariya da bayan hannu.

"Ba-Uku, ka yi suna fa. Har matata an turo mata. Ni dai shawarata ka sauke abin nan kafin yaran layi su mayar da shi waƙa."

"Su... su yi. A allo ma na rubuta."

Mai walda ya dubi allon ƙofa, ya dube shi, ya sosa ƙeya ya koma kan ƙarfensa.

Amma faɗa a baki daban, abin da ke cikin ƙirji daban. Ya ji ciwo, kuma ya ji shi sosai. Saƙonni suka yi ta shigowa. Wasu suna kwaikwayonsa. Wani ya ce yana da maganin i'ina sha yanzu magani yanzu. Wata ta turo murya tana sheshsheka, ta ce ya ba ta tausayi, za ta riƙa sa shi a addu'a. Wannan ya fi saurin gogewa, don shi ba jinya ya zo yi ba. Kullum da safe maɓallin sake ɗauka yana nan yana jiransa, kullum yana wuce shi.

Ranar da Yaya ta dawo, ba ta ko tsallake wayoyin ba, taka su ta yi. Idanunta sun yi ja. Ta ce dangin mijinta sun tura abin a zaurensu na waya, ƙanwar mijin har da sa fuskar dariya.

"Ka goge shi yanzu, a gabana. Tun kana aji ɗaya nake dukan yara a kanka. Na sha bulala saboda kai, na sha zagi saboda kai, duk don kada a yi maka dariya. Yanzu kai da hannunka ka ɗauki kanka ka kai musu? Ka biya kuɗi ma a yi maka dariya?"

Ta fashe da kuka, shi kuwa babu abin da ya tsana kamar kukan Yaya. Gaskiya ta faɗa, ta sha bulalar. Ya tuna ta da ɗamarar ɗankwali a bakin ƙofar ajinsu tana jiran wanda zai ce tak. Da a ce jiya ta zo, wataƙila da ya goge. Sai dai da safen nan wani saƙo ya shigo wanda ya saurara har batirinsa ya yi ƙasa. Ya jawo mata kujera, ya ajiye wayar a kan firiza, ya kunna.

Muryar mace ce, ba ƙarama ba, mai ɗan kauri, ana jin hayaniyar mutane a bayanta.

"Sannu da aiki, mai firiji. Ni a kantin magani nake aiki, amma kwantar da hankalinka, ba magani zan tallata maka ba. Na saurari muryarka. Mintinka ya ƙare kana kan 'ba', ka bar ni a tsaye. Ba me? Na zauna zan yi hasashe, sai na ga abin da yawa, kuma ba ni na fara maganar ba balle in ƙarasa ta. In ka yarda zan kira ka lokacin hutuna na rana ka faɗa mini."

Yaya ta share hawaye da gefen mayafi. Ta dubi agogon bango. Rana ta kusa tsaka. Nan da nan kukan ya tafi, shugabar masu ƙarasa magana ta dawo.

"Ka ce ta kira? To shi ke nan, Allah ya kawo ni a kan gaɓa. In ta kira ba ni wayar in yi mata bayani a tsanake. Ai na san abin da za ka ce. Ba ka shan taba, ba ka yawon banza, ba ka da wata matsala sai wannan. Kada ka je ka tsaya mata a waya ta gudu kamar sauran."

Ta miƙa hannu. Ya riga ta ɗauke wayar.

"Yaya."

"Na'am, ba ni mana."

Ya ɗaga mata hannu, tafinsa baƙi ƙirin da mai. Bai taɓa yi mata haka ba. Ya bar hannun a sama, don ya san in ya sauke za ta shigo.

"Tun da na... nake a duniya, ba... ba..."

Leɓenta ya motsa. Ya ƙara ɗaga hannun.

"...ba ki taɓa jin ƙarshen maganata ba."

Ta yi tsaye da hannu a miƙe. Ya ga maganar ta shige ta, ya ga inda ta soke ta, ya kuma ji zafin a nasa ƙirjin. Amma bai janye ba. Ya nuna mata kujera, ya nuna mata ƙofa, ta zaɓa. Tana cikin kallonsa wayar ta fara ruri.

Ya amsa ya sa ta a lasifika, don ba abin ɓoyo ba ne. Suka gaisa. Mai kantin magani ta ce ta fito bayan kanti inda babu hayaniya, tana jinsa.

"Abin da zan ce," ya fara. "Ba..."

Kalmar ta riƙe shi. Ta riƙe shi fiye da yadda ta taɓa riƙe shi. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi, haɓarsa tana rawa. Ba, ba, ba, ya wuce ukun da aka san shi da su, ya ci gaba. A maƙwabta injin gurza ƙarfe ya yi shiru. Yaya ta zauna a bakin kujera, ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, hawaye na bin kumatunta. A cikin wayar babu komai sai numfashin mace da ke jira. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce yi a hankali ba.

"Ba na sauri," ya ce. Sauran ta biyo baya da ƙyar, amma ta biyo. "Kuma ba zan warke ba. Haka nake. In kina sauri, ki wuce, ba... ba zan ji haushi ba."

Mai kantin magani ta yi 'yar dariya, ba irin wadda ya saba ji ba.

"Duk cikin hasashena babu wannan. To ni wuni nake a tsaye mutane na yi mini ihu in yi sauri, ka ga kuwa ba shi na zo nema ba. Hutuna gajere ne, ka cinye kusan rabi, amma gobe ma akwai hutu. Yanzu faɗa mini, me ya sa ba ka sake ɗaukar muryar ba? Rowa ce ko taurin kai?"

Yaya ta zare mayafin daga baki. Ta miƙe a hankali ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayo, ta ce da muryar da ba ta fi raɗa ba, "Ashe abin da za ka ce ke nan."

Ya ji ta, amma bai ɗago ba. An yi masa tambaya, kuma ya riga ya kama harafin farko na amsar.